Lasifika da Iska: Muhawarar Masu Baburan Dogon Zango

A Amurka akwai wani jinsin babur da ba a ƙera shi don shiga lungu ko ratsa cunkoson kasuwa ba. Babur ne na cin dogon zango. Nauyinsa ya haura kilo 350, yana da akwatunan kaya a gefe da gefe, da faffaɗar kujera ta mutum biyu, da wata garkuwa a gaba mai tare wa mahayi iska. A cikin wannan garkuwa kamfani ke binne rediyo da lasifika biyu. Harley-Davidson na birnin Milwaukee yana da Street Glide da Road Glide, Honda yana da Gold Wing, Indian yana da Chieftain da Roadmaster, BMW na Jamus kuma yana da R 18 Transcontinental. Mai irin wannan babur yakan tashi daga Chicago ya nufi bakin teku a California, tafiyar da ta kusa kilomita 4,000 in ya bi tsohuwar hanyar nan ta Route 66, ya yi kwana da kwanaki daga shi sai kwalta.

Da yawa daga cikin masu sayen baburan nan ba sa rufa wata uku sai sun kai su gareji an kwance garkuwar gaba. A cire lasifikokin kamfani a sa manya, a ƙara amfilifaya, wani ma a huda murfin akwatunan gefe a dasa wasu lasifikokin, a cusa wufa, wato lasifikar kaurin amo, a inda ya kamata a sa kayan sawa. Wannan aiki ya raba kan mahaya. Wasu na ganin gyara ne da ya zama dole, domin abin da kamfani ya ba su ba ya jiyuwa a kan babbar hanya. Wasu kuma na ganin ɓarnar kuɗi ce da ke cinye kunnen mai babur, ta kuma addabi mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Na auna maganar kowane ɓangare, kuma ina da inda na karkata, amma kowannensu yana riƙe da wata gaskiya da ɗayan ba ya son a ambata.

Kiɗa bai daɗe sosai a kan babur ba. Sai da aka sami abin tare iska tukuna aka sami wurin ajiye rediyo. Harley ya fito da garkuwarsa mai kama da fukafukin jemage a 1969. A farkon shekarun 1970 wani maƙeri mai suna Craig Vetter ya riƙa ƙera garkuwar Windjammer da ake ɗaura wa babura iri-iri, mutane suka fara laƙa mata rediyon mota. A 1980 Honda ya fitar da Gold Wing samfurin Interstate ɗauke da garkuwa da akwatuna tun daga masana'anta, wanda ke son rediyo kuma a haɗa masa. Daga nan abin ya riƙa hauhawa. Baburan Harley na 2014 sun zo da na'urar Boom! Box mai allo da taswira, Gold Wing na 2018 ya zo da Apple CarPlay, a 2021 Harley ya ƙulla da kamfanin sauti na Rockford Fosgate, BMW kuma ya ƙulla da Marshall na Ingila. Kamfanonin sun riga sun ga inda kuɗi yake, kuma su da kansu suna sayar da kayan ƙarin sauti mataki-mataki. Sai dai cinikin da abu ke yi a kasuwa ba ya nuna ko yana da amfani ga mai saye.

Hujjar masu gyara ta farko ita ce mafi sauƙi, kuma ba na jin mai adalci zai musa ta. A tsaye a ƙofar gida, rediyon kamfani yana da daɗin ji. Da an hau babbar hanya allura ta kai kilomita 110 a awa, sai muryar mawaƙi ta ɓace, ganga ta ɓace, abin da ya rage sai wani tsiririn amo da ke zuwa yana tafiya. Baburan Harley na kafin 2014 lasifikokinsu ƙanana ne, masu faɗin inci biyar da kwata, ƙarfin da rediyon ke ba su kuma bai taka kara ya karya ba. Mahayi sai ya murɗa maɓallin ƙara har ƙurya. A nan ne amfilifayar cikin rediyon ke gazawa, ta riƙa yanke kan sautin, abin da ke fitowa ya koma kakari da tsatsa. Gurɓataccen sauti ya fi tsabtataccen gajiyar da kunne, kuma shi ne ma ke yawan ƙona ƙananan lasifikoki. Saboda haka suke cewa su ba ƙara suke nema ba, tsabta suke nema. Mutum ya biya sama da dala 20,000 ya sayi babur mai rediyo, ba zai yiwu a ce rediyon sai a tsaye yake aiki ba.

Hujjarsu ta biyu ta shafi zuciya. Wanda bai san faɗin ƙasar ba zai yi wuya ya gane irin kewar da ke cikin ratsa Nebraska a kan hanyar I-80, ko miƙewa a kan I-90 zuwa Sturgis ta jihar South Dakota, inda mahaya ke taruwa a watan Agusta tun 1938. Awa biyar, awa shida, ba dutse ba kwana, sai gonaki da sararin sama. Akwai ma ƙungiyar Iron Butt da ke ba da shaida ga wanda ya ci mil 1,000, wato kusan kilomita 1,600, cikin awa 24. A irin wannan tafiya kiɗa ko labarai ko muryar taswira abokan hira ne. Sau da yawa kuma akwai uwargida a baya, su biyu suna jin waƙa ɗaya da suka saba ji tun suna saurayi da budurwa. Ba zan raina wannan ba. Mutane suna hawa babur ne don jin daɗi, kuma wanda ya ce jin daɗi ba hujja ba ne to bai kamata ma ya hau babur mai kilo 400 ba. Inda kawai nake ja da su shi ne in sun ce kiɗa yana hana barci. Kiɗa yana kore kewa, amma wanda ido ya fara yi wa nauyi a kan babur maganinsa ya tsaya ya kwanta, ko da kuwa lasifika goma ke gabansa.

Yanzu ga abin da ɗaya ɓangaren ke riƙe da shi, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi, domin a kansa muhawarar ta rataya.

Abin da ke danne kiɗa a kan hanya ba injin babur ba ne. Da an wuce kilomita 60 a awa, iska ce ke mulki. Tana bugun gefen hular kwano da wuya da gefen gilashi, tana yin wani gurnani da ke ƙaruwa da ƙaruwar gudu. Binciken da likitocin kunne suka yi a Ingila a shekarun 1990 ya auna ƙarar da ke shiga kunnen mahayi a ƙarƙashin hular kwano, ya samu kimanin desibel 90, wato ma'aunin ƙara, a gudun kilomita 60, har zuwa kimanin 110 a gudun kilomita 160. Ke nan a gudun da ake yi a manyan hanyoyin Amurka, kunne yana shan abin da ya kai desibel 100 ko kusa da haka, tun ba a kunna komai ba. Garkuwa mai kyau tana rage wannan, amma ba ta kawar da shi.

Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙayyade cewa iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana shi ne desibel 85 na awa takwas. Duk ƙarin desibel uku kuma sai a raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 97 rabin awa, 100 minti goma sha biyar. Mai tafiyar yini a babur ya riga ya cinye rabon kunnensa na ranar tun kafin ya tsaya shan mai na farko. To don kiɗa ya jiyu sarai, dole ya ɗara ƙarar iskar. Wato wanda ya ci nasara a kan iska da ƙarfin lasifika ya ɗora wa kunnensa kaya a kan kaya. Ƙananan ƙwayoyin gashi da ke can cikin kunne, waɗanda ke mayar da amo ya zama ji, in sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Ba a jin zafin mutuwarsu. Sai dai mutum ya wayi gari yana cewa mutane sun daina buɗe baki in suna magana, ko ya kwanta dare ya yi tsit amma shi yana jin wani fito da ba ya yankewa. Akwai tsofaffin mahaya da yawa da ke fama da wannan fiton, kuma har yanzu babu maganin da ke cire shi ɗungurungum.

Akwai kuma wani lissafin da tallace-tallace ba sa faɗa. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, daga wat 100 zuwa 200, desibel uku kacal yake ƙarawa, bambancin da kunne zai lura da shi amma ba zai girgiza shi ba. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninku, ana bukatar kusan desibel goma, wato ƙarfi sau goma. Ita kuwa iska ba ta biyan ko sisi: ka ƙara gudu kaɗan ta cinye abin da ka kashe dala dubu ka saya. Ga shi babur ba shi da ɗaki. A mota gilasai da rufi suna riƙe sauti su mayar wa mai ji, musamman kaurin amon ganga. A babur sautin yana fita ya bi iska. Shi ya sa wufa mai inci goma da aka cusa a akwatin baya take girgiza ƙasa a wurin ajiye ababen hawa, amma a kan gudu mahayin da ya saye ta kusan ba ya jin ta. Tana bayansa, tana ƙasa da shi, kuma irin amon da take fitarwa shi ne ainihin wanda gurnanin iska ya fi binnewa.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce masu adawa sun gama da masu gyara. Amma masu gyara da suka san abin da suke yi suna da amsa, kuma amsa ce mai nauyi. Suka ce: mu ma mun san iska tana kurmantarwa, shi ya sa ba ma hawa sai da toshin kunne. Ɗan soson nan ko robar da ake cusawa a kunne yana rage duk abin da ke shigowa da desibel 15 zuwa 25, gwargwadon irinsa da yadda aka sa shi. Yana rage iska, yana rage kiɗa, tazarar da ke tsakaninsu tana nan yadda take. In lasifika tana da ƙarfin da za ta ɗara iska, to bayan toshi mahayi yana jin kiɗa sarai a matakin da ba zai cutar da shi ba. Da yawa ma suna shaida cewa kiɗan ya fi fita da toshi, domin kunnen da aka yi wa lodi fiye da kima ba ya iya rarrabe amo. Rediyon kamfani kuwa in aka sa toshi sai ya ɓace gaba ɗaya, mahayi ya fusata ya cire toshin. Ke nan, in ji su, sauti mai ƙarfi shi ne ke ba mutum damar kare kunnensa.

Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da na sani a ɓangarensu. Sai dai tana warware matsalar mutum ɗaya ne ta hanyar miƙa ta ga wasu. Mahayi ya toshe kunnensa, amma matar da ke tura jaririnta a gefen titi ba ta toshe nata ba. Ma'aikacin asibitin da ya kwana aiki yana ramuwar barci da rana bai toshe nasa ba, haka masu zaman makoki, haka mai motar da ke tsaye kusa da shi a fitilar hanya. A tsakiyar hamadar Nevada babu wanda zai biya wannan bashi sai ciyawa. Amma kowace doguwar hanya tana ratsa ƙauyuka, kuma ƙauyukan da ke kan kyawawan hanyoyin da mahaya ke so su ne ke shan abin kowane ƙarshen mako, babur bayan babur. Duk wanda ya taɓa shiga A Daidaita Sahu a Kano ya tarar da wufa a ƙarƙashin kujera tana dukan ƙirjinsa ya san yadda ake ji in wani ya zaɓa maka abin da za ka saurara ba tare da ya tambaye ka ba. Ƙamshin turare ma in ya yi yawa ana kuka da shi, balle waƙar da ba kai ka so ta ba.

Hukumomi sun daɗe da shiga maganar. Dokar hanya ta California ta hana kunna sautin abin hawa yadda za a ji shi daga nisan ƙafa 50, wato kimanin mita 15. Florida, inda ake taron mahaya na Daytona kowace shekara, tana da doka mai ƙafa 25. Kotun ƙolin jihar ta soke ta a 2012, majalisa ta gyara ta, ta dawo aiki a watan Yuli na 2022. Ƙafa 25 bai kai mita takwas ba, kuma kusan duk na'urar da aka gina don ta rinjayi iska za ta keta wannan iyaka ba tare da an murɗa ta rabi ba. A Turai kuwa, yankin Tirol na Austriya ya rufe wasu hanyoyin duwatsu ga babura masu ƙarar da ta wuce desibel 95 tun 2020. Wannan doka ta salansa ce, ba ta rediyo ba, amma darasinta ɗaya ne: in mazauna wuri suka gaji, ba sa tsayawa tantance mai ladabi da marar ladabi, kowa ake rufe wa hanya. Mahayin da ke shiga gari da kiɗa a ƙurya yana cin amanar 'yan uwansa da za su biyo bayansa.

Masu gyara sukan ce ai akwai maɓalli, kuma yawancin rediyon baburan nan yana da tsarin da ke ɗaga sauti in gudu ya ƙaru, ya sauke shi in an rage. Haka ne. Na'ura mai ƙarfi ba ta tilasta wa kowa rashin kunya, kuma akwai mahaya masu yawa da ke rage sauti da zarar sun hango gidaje. Abin da ke damuna shi ne wanda ya toshe kunne ba ya iya auna abin da yake fitarwa. Abin da yake ji a matsayin daidai-wa-daida, na waje yana jin sa ninkin ba ninkin. Kyakkyawar niyya ba ta isa a nan, sai mutum ya yi wa kansa ƙa'ida, ya san lambar da ba ya wucewa a cikin gari ko da shi ba ya jin komai.

Sai kuma babur ɗin kansa, domin shi ma yana da ta cewa. Batirinsa ƙarami ne, mai bolt 12. Na'urar caji ta manyan baburan Harley tana ba da kimanin amfiya 50 in inji yana gudu sosai, wato wat 600 da ɗoriya, kuma daga ciki ne fitilu da famfon mai da kwamfutar inji ke ci, ga riƙon hannu da rigar ɗumama jiki ga masu tafiyar hunturu. In inji yana tsaye yana numfashi, abin da yake bayarwa ya ragu ƙwarai. Amfilifayoyin zamani, waɗanda ake kira ajin D, ba sa ɓarnar wuta kamar na da, kuma kiɗa ba ya jan cikakken ƙarfi kowane lokaci, don haka amfilifaya ɗaya matsakaiciya ba ta cika kawo matsala ba. Amma biyu ko uku, a kunna su awa guda a wurin taro inji a kashe, sai a zo tafiya babur ya ƙi tashi, kuma ba irin wanda yara za su tura ba ne. Ga girgiza, ga ruwan sama, ga rana. Wayar da aka haɗa da gaggawa, ko aka ja daga batir ba tare da fis a kusa da shi ba, tana bi ne ta ƙarƙashin tankin mai. A baburan Harley na 2014 zuwa sama ma akwai wani tarko: rediyon yana da nasa tsarin daidaita amo da aka yi wa lasifikokin kamfani, in ba a sake saita shi da kwamfuta ba, sababbin lasifikoki masu tsada za su iya fitar da sautin da bai kai na da daɗi ba. Mutane da yawa sun zargi kaya alhali saiti ne bai yi ba.

Nauyi ma abin dubawa ne. Garkuwar Street Glide a jikin kan babur take, tana juyawa tare da hannu, don haka duk ƙarfen maganaɗisu da amfilifayar da aka cusa a ciki hannun mahayi ne zai ɗauka a kowace kwana. Ta Road Glide a jikin gangar babur aka ɗaure ta, ita ta fi haƙuri da kaya. Akwatin da wufa ta cinye kuwa ya daina zama akwati. Babur ɗin da aka saya don tafiyar mako biyu ya koma ba shi da wurin rigar ruwa da kayan faci. Batun garanti shi kaɗai ne ya ɗan sassauta. A 2022 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta sa Harley-Davidson ya daina cewa sa kayan wani kamfani yana soke garanti. Duk da haka in aka tabbatar kayan da ka ƙara ne suka ƙona wani abu, gyaran daga aljihunka ne.

Akwai hanya ta uku da kowane ɓangare ke kallo a kaikaice, wato a mayar da sautin cikin hular kwano. Kamfanoni irin su Cardo, da ke aiki da JBL, da Sena, da ke aiki da Harman Kardon, suna sayar da 'yan siraran lasifikoki da ake mannawa a cikin hula dab da kunne, a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Sautin da ke tafiyar santimita biyu ba ya bukatar wat ɗari huɗu. Ba ya taɓa batirin babur, ba ya cin akwati, maƙwabci ba ya ji, mahayi da uwargida suna iya hira, ayari guda ma yana iya gargaɗin juna game da rami ko yashi a kwana. Ana kuma iya haɗa shi da toshin kunne. Masu suka suna cewa abin da ke dab da kunne yana rufe jiniyar motar asibiti da hon ɗin mai tirela, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne. Faransa ta hana duk mai tuƙi sa abin sauraro a cikin kunne tun Yulin 2015, amma ta bar wanda aka gina a jikin hular kwano. Sai dai in gaskiya za a faɗa, lasifikar garkuwa da ke ihu sama da desibel ɗari ita ma tana rufe jiniya. Yawan ƙara ne ke rufe ji, ko daga ina ta fito.

To me ya hana kowa komawa hula? Amsar tana cikin wata al'ada da ba a cika haɗa ta da maganar rediyo ba. Yawancin jihohin Amurka ba sa tilasta wa babba sa hular kwano, uku ma daga ciki, Illinois da Iowa da New Hampshire, ba su da dokar ko ga yaro. Masu manyan baburan nan da yawa suna hawa ne da rabin hula mai rufe tsakar ka kawai, ko da ɗan ƙyalle da tabarau. Wanda kunnensa ke waje ba shi da inda zai manna lasifika, kuma shi iska ta fi duka, don haka shi ya fi bukatar ƙara. A ganina wani babban kaso na kuɗin da ake zubawa a sauti kuɗin fansar kai ne daga cikakkiyar hula. Suna cewa so suke su ji iska a fuska, kuma na yarda akwai daɗi a nan. Amma zaɓi ɗaya ne ke jawo musu hasara uku: kai ba kariya, kunne ba kariya, ga kuɗin amfilifaya.

Zan ware wani rukuni in yi musu adalci. A Daytona da Sturgis da ƙananan taruka ana gasar sauti, inda ake jera babura masu lasifika takwas ko goma sha biyu, an zuba musu fenti da fitilu. Masu gina su ƙwararru ne na gaske, masu sassaƙa akwati da hannu, masu sanin waya da awon amo, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Mutum da kuɗinsa, a filin da aka keɓe don haka, tsakanin mutanen da suka zo da ƙafarsu don su ji, ba ni da ta cewa. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a sayar wa matafiyi irin wannan gini da sunan gyaran tafiya. Babur ɗin baje koli daban, na cin zango daban. Haka kuma ba na tare da masu tsattsauran ra'ayin da ke cewa mahayin ƙwarai ba ya jin komai sai injinsa. Sauraron inji yana da amfani, yakan tona matsala tun tana ƙarama, amma ba wanda ya naɗa su alƙalan jin daɗin wani.

Inda na tsaya shi ne gyaran yana da halal ɗinsa, amma yawancin mutane suna fara shi ne daga wutsiya. Tunda iska ce abokiyar karawa, a fara da ita. Gilashin gaba mai tsayin da ya dace da tsayin mahayi, wanda ke jefa iska ta saman kai maimakon ya watsa ta a kunne, yakan yi abin da ninka amfilifaya ba zai yi ba, a kan kuɗi kaɗan. Rage iska da desibel uku daidai yake da ninka ƙarfin na'ura, kuma shi wannan sauƙi yake kawo wa kunne. Sai cikakkiyar hula da toshin kunne. Wanda ya yi waɗannan yakan tarar rabin kokensa ya tafi. In har yanzu yana son kiɗa a fili, to ya sa lasifika biyu nagari a garkuwa, masu jure ruwa, masu fitar da amo da yawa daga wuta kaɗan, tunda su ne ke fuskantarsa kuma su ne mafi kusa da shi. Ya haɗa su da amfilifaya ɗaya da na'urar cajinsa za ta iya ciyarwa, ya duba ƙarfin da take bayarwa a ɗore, ya ƙyale babbar lambar da ake bugawa a jikin kwali. Ya biya ƙwararre ya ja waya ya yi saiti. Mai ɗaukar fasinja kullum yana da uzurin ƙara biyu a baya, don kada a ƙure na gaba saboda na baya ya ji. Daga nan kuwa duk abin da aka ƙara, na gefen hanya zai fi mai babur jin sa.

Kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya, ina ba mai dogon zango shawara ya je wurin likitan kunne a auna jinsa, ya ajiye takardar, ya koma bayan shekara a sake aunawa. Ƙarar iska da ta lasifika sukan fara cin sirirun amo ne, wajen hez 4,000, kuma na'urar likita tana ganin wannan gurbi tun mai shi bai fara cewa a maimaita masa magana ba. In layin ya sauka tsakanin awo na farko da na biyu, to ko dai toshin bai zauna daidai ba ko kuma maɓallin ƙara ya wuce inda ya kamata, kuma duka biyun ana iya gyara su kafin tafiya ta gaba.